Ki tafi wa likita da kwalin maganin

A garuruwanmu na yammacin Kano, daga Garo zuwa Getso, da wuya amarya ta cika wata shida a ɗakinta ba a fara ƙirga mata watanni ba. Da raha ake farawa. Ƙawa ta zo ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Wannan haske da kika yi fa, ko an gamu ne?" Gwaggo ta hango ki a gidan suna ta ce, "Saura naki." Kafin shekara ta zagayo raha ta ƙare, tambaya ta gajarce ta koma "Har yanzu shiru?" Idan kuma wadda aka kai ku ɗaki sati ɗaya ta riga ta yi goyo, to kowace barka da za ki je sai kin yi shiri kamar mai zuwa gaban alƙali.

A irin wannan lokaci ne wata mai son ki, da zuciya ɗaya, za ta ja ki gefe ta raɗa miki sunan wata ƙwaya. Ita ma wata ce ta faɗa mata, kuma ƙanwar wance tana sha ta haifi tagwaye. Sunan ƙwayar Clomid. Ki aiki yaro kemis da 'yar takarda, ya dawo da ita a baƙar leda, ki cusa ƙarƙashin katifa. Miji bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai. Ƙanwata, a kan wannan kwali nake so mu yi magana, da ciwon marar da kan biyo bayansa, da abin da za ki ce ranar da kika zauna gaban likita.

Bari mu fara da lissafin da ake yi miki, domin yawanci lissafin ne ba daidai ba. Likitoci ba sa cewa an samu jinkirin haihuwa sai mata da miji sun shekara cur suna tare, suna saduwa a kai a kai, ba tare da wani abin tazara ba. Cikin ma'aurata 100, sama da 80 kan samu ciki a shekarar farko, kuma kusan rabin waɗanda suka rage sukan samu a ta biyu ba su sha komai ba. Sai dai idan mace ta kai shekara 35, ko al'adarta ba ta da tsari, wannan ba ta jira shekara, wata shida ya isa ta nemi asibiti. Ki lura da sharaɗin zama tare. Samarinmu nawa ne suke tarewa da amarya, bayan sati uku su hau mota zuwa Legas ko Abuja ko Fatakwal neman kuɗi, sai Sallah ko faɗuwar damina? Kwanakin da mace kan iya ɗaukar ciki a wata ba su wuce shida ba. Auren da ya shekara a bakin dangi, wataƙila a lissafin jiki bai yi wata uku ba. Amma ba mai tambayar mijin da yake hanya, ke da kike gida ake kallo.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Afrilun 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan bai ɗaya. Abin da ya sa naki ya fi fitowa fili shi ne a Kano muke, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace kan haifi sama da shida. Inda kowace take da goyo, wadda bayanta yake wayam ba ta da wurin ɓuya.

Ita ƙwayar ba guba ba ce, kada ki ji ni ba daidai ba. Sunanta na asali kulomifin, an amince da ita a Amurka tun 1967, kuma ta yi sanadin haihuwar yara masu ɗimbin yawa a duniya. Aikinta ɗaya ne. Tana ruɗar ƙwaƙwalwa ta ɗauka sinadarin mata ya yi ƙasa a jiki, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara aika saƙo ga gidan ƙwai cewa ya dage ya nunar da ƙwai. Saboda haka macen da aka yi ƙwayar dominta ita ce wadda ba ta sakin ƙwai: wadda al'adarta kan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, sau da yawa tare da ƙurajen fuska, da gashi a haɓa, da ƙibar da ba ta jin magani. Kusan mace ɗaya cikin goma tana da wannan lalura. Irin wannan ce likita kan rubuta wa ƙwayar, kwana biyar a farkon al'ada, ya bi ta da sikanin ya ga yadda ƙwai yake girma, kuma ba a so a wuce zagaye shida.

To idan ke al'adarki tana zuwa kowane wata a kan kari, akwai alamar kina sakin ƙwanki lafiya lau, ƙwayar ba ta da gurbin da za ta cike. Idan bututun da ƙwai yake bi zuwa mahaifa ne ya toshe, wanda yana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Najeriya, sakamakon ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba ko ɓarin da ya bar dauɗa, ko kwali goma kika sha hanya tana nan a rufe. Idan matsalar daga maigida take, kin sha ne a banza. Har ma takan yi ɓarna ta wani gefen: a jikin wasu matan takan sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ta yadda ko an samu ƙwan ba ya samun wurin kamawa. Mai kemis ba shi da hanyar sanin wace ce ke a cikin waɗannan. Lasisinsa ma bai ba shi ikon sayar da irin wannan magani ba, na takardar likita ne. Ko a watan Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani na Sabon Gari aka ce su koma sabuwar kasuwar Dangwauro, maganar ke nan, a san daga ina magani ya fito kuma hannun wa zai faɗa. Wannan gyara bai iso kan kantar ƙauye ba tukuna.

Maganar tagwaye kuwa gaskiya ce, cikin mata 100 da suka samu ciki da wannan ƙwaya, tsakanin 5 zuwa 10 biyu suke ɗauka. Na san akwai 'yan matan da ba jinkirin komai suke da shi ba, tagwayen suke nema don a yi suna na gani na faɗa. Tagwayen da Allah Ya kawo, maraba da su. Amma ki tambayi kowace ungozomar asibiti abin da cikin biyu yake zuwa da shi: hawan jini, jijjiga, haihuwar bakwaini, zubar jini bayan haihuwa. Wadda gidanta yake Lakwaya ko Durun, inda kwalbar bakwaini take da nisa, ba abin da za ta je nema da kuɗinta ba ne.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu a ƙasan mara, kowanne bai fi girman dabino ba. Duk wata ƙwai ɗaya kan girma a cikin wata 'yar jaka mai ruwa. Idan jakar ta kai wajen santimita 2 sai ta fashe ta saki ƙwan. Wani lokaci ba ta fashewa, sai ta ci gaba da tara ruwa. Wani lokaci ta fashe, bakin ya sake rufewa, ta cika da ruwa ko jini. Wannan ƙullin ruwa shi ne mai sikanin yake gani ya rubuta, mace ta dawo gida hankali a tashe tana cewa an ga ƙari a gidan ƙwanta. Mafi yawansu ba komai ba ne, cikin wata biyu ko uku suke sacewa da kansu. Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya: mai tara kitse har da gashi a ciki, mai tara tsohon jini wanda kan zo da matsanancin ciwon mara lokacin al'ada, da kuma, jefi-jefi, mugun ƙari.

Ƙwayar haihuwa tana tura gidan ƙwai ya yi aiki fiye da yadda ya saba. Maimakon jaka ɗaya sai biyu ko uku ko fiye su taso, wata ta ƙi fashewa ta yi ta girma. Shi ya sa bayan sati ɗaya ko biyu da gama sha wasu kan ji mara ta yi nauyi, gefe ɗaya yana suka, zani ya matse, saduwa ta koma azaba. Takardar da take cikin kwalin ma ta faɗa ƙarara cewa kada a ba macen da take da ƙulli a gidan ƙwai, in ba irin ƙananan nan na masu rikicewar al'ada ba. Wadda ta sha wata na farko, ƙulli ya fito ba ta sani ba, ta ga jini ya zo, ta ce bari in ninka, biyu-biyu zan sha wannan karon, to a kan ƙullin take zuba wa wutar fetur.

Ga ki nan kin zo asibiti da ciwo. An shafa miki man nan mai sanyi a mara, an ɗora na'ura, wani baƙin da'ira ya bayyana a allo, santimita 5 ko 6. Ƙanwata, hoton nan shi kaɗai ba ya faɗa wa likita komai cikakke. Bakinki ne yake fassara shi. Idan kika ce, "Likita, watan jiya da wanda ya gabace shi na sha Clomid," ya gama gane abin da yake kallo. Zai duba ko da ciki, ya ce ki dakatar da ƙwayar, ki sha farasitamol, ki ajiye daka da ɗaukar jarka, ki dawo bayan sati shida a sake dubawa. Sau da yawa iyakar maganin ke nan, kuɗin mota da na sikanin.

Idan kika ce ba ki sha komai ba fa? Kin bar shi da ƙulli mai ciwo wanda ba shi da dalili. Dole tunaninsa ya tafi ga irin waɗanda ba sa tafiya. Ya tura ki gwaje-gwajen jini masu tsada a birni. Ya fara maganar aiki. Kuma duk wuƙar da ta taɓa gidan ƙwai takan tafi da wani ɓangare na ƙwayayen da aka haife ki da su, waɗanda ba sa sake tsirowa, sannan tabon ciki kan iya manne bututun da kike buƙata. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ko kuma wata rana, ƙullin ya lafa, likita ya gama bincikensa ya ga kin cancanci ƙwayar, ya rubuta miki ita yana ƙirga daga ɗaya, alhali ke kin riga kin yi zagaye takwas a ɓoye. Zai ɓata miki wata shida a kan maganin da jikinki ya riga ya nuna ba ya ji, maimakon ya wuce da ke mataki na gaba. Ba shi kika yaudara ba, shi albashinsa yana nan.

Na san abin da yake hana ki faɗa, kuma ba wauta ba ce. Duk wadda ta taɓa zama a bencin ɓangaren mata ta ga wannan. An kira suna, yarinya ta shiga, yayar miji ta bi ta a baya riƙe da kati. Likita yana rubutu bai ɗago ba, ya ce, "Kin taɓa shan wani magani a kan wannan?" Kafin yarinya ta buɗe baki, 'yar rakiya ta karɓe: "Ba ta shan komai, Likita, sai rubutu da addu'a." Yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Haka ne?" "Eh." "Ciwon fa, yaya yake?" "Da sauƙi." Ita da ta kwana a durƙushe tana cizon filo. Minti uku an gama, an fito da takardar magani da aka rubuta wa wata mace daban, wadda ba ta sha komai ba kuma ciwonta da sauƙi.

Yaya za ta faɗa? Idan ta ce ta sha ƙwaya, kafin magariba labari ya isa gidan surukai cewa ita ta ƙona mahaifarta da hannunta. An tashe mu da cewa dauriya ita ce mutuncin 'ya mace, mai raki abin dariya ce, kuma sunan abin da yake ƙasan cibiya ba ya fita daga bakin mai tarbiyya, balle a gaban namiji. Duk wannan tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida. A ɗakin likita kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Akwai dabaru, kuma ba sai kin yi wa kowa rashin kunya ba. Tun wajen awon jini ki raɗa wa nas, "Sista, akwai maganar da nake so in yi da likita ni kaɗai." Sun saba, su za su ce wa 'yar rakiya, "Hajiya, ɗan jira mu a waje za mu duba ta." Idan bakinki ba zai iya ba, ki rubuta a takarda tun daga gida, da boko ko da ajami, ki miƙa tare da kati. Kina da damar tambaya ko akwai likita mace, ko da yake a asibitocin karkara ba kullum ake samu ba, kuma ciwo ba ya jiran ranar da take aiki. Mafi sauƙi duka, ki ɗauko kwalin, ko fankon da kika ɓare ƙwayoyin daga ciki, ki ajiye a kan tebur. Ya fi "wata 'yar fara ce ƙarama" sau dubu, domin fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi a ƙirga. Ki sani kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin mara lafiya. Ba shi da hurumin kai maganarki ga uwar mijinki, ko da 'yar unguwarsu ce.

Ba zan ɓoye miki ba, wani likitan zai yi faɗa. "Wa ya aike ki? Ku ne ba kwa jin magana!" Layi har bakin ƙofa, shi kaɗai ne tun safe, haƙurinsa ya ƙare. Bai kyauta ba, kuma 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya su sani duk tsawar da suka yi wa mace ɗaya, mata goma da suke jiyowa daga benci sun koyi yin shiru. Amma ke ki auna: faɗan minti biyu, ko ɗinki a mara? Ki bar shi ya gama, ki ce, "Na ji, Likita, an riga an yi. Yanzu mene ne abin yi?"

Ba ƙwayar kemis kaɗai ake ɓoyewa ba. Wata ta yi allurar tazara ta wata uku-uku a farkon aure, ita da mijinta suka shirya don ta ƙarasa makaranta, yanzu tana tsoron a ce ita ta jawo. Alhali da ta faɗa, da likita ya kwantar mata da hankali: bayan allurar ƙarshe, jiki kan ɗauki wata goma har shekara kafin ya dawo daidai, jira ne maganinta. Wata ta yi ɓari a gida ba a wanke ba, ta yi sati tana zazzaɓi da ruwa mai wari. Wannan labarin shi zai sa a fara da hoton bututun mahaifa maimakon ƙwaya. Wata nononta yana fitar da ruwa ba ta shayarwa, tana jin kunyar faɗa, alhali alama ce ta wani sinadari da ya yi yawa yana hana sakin ƙwai, kuma maganinsa daban ne, yana kuma ji sosai. Ga jiƙe-jiƙe da tsimi da matsi da ake saye a gidan biki ko a WhatsApp, ba suna ba lamba, wasu a sha wasu a cusa. Ba wanda ya san abin da yake ciki, wani lokaci har mai haɗawar. Ki kai kwalbar. Rubutu da addu'a ba mai hana ki, ba su taɓa cin karo da asibiti ba, likitan ma yana yi. Akwai kuma abin da ya faru kafin aure, wanda ke da Ubangijinki kaɗai kuka sani. Ban ce ki faɗa wa miji ko uwa ba. Amma idan ya taɓa mahaifa, likitan da yake neman dalilin toshewar bututu yana buƙatarsa, shi kuma ba limami ba ne, ba alƙali ba.

Sai ciwon da ba a kwana da shi. Wannan ki karanta wa maigida da duk wanda kuke gida ɗaya.

Gidan ƙwai da ƙulli ya yi wa nauyi, musamman idan ya haura santimita 5, yakan iya juyawa ya murɗe jijiyar da take kai masa jini. Ciwon farat ɗaya yake zuwa, gefe ɗaya, mai tsanani, da amai. Wani lokaci ya lafa ya dawo. Awoyi ne tsakanin a warware shi a cece shi da ya mutu a cire. Ƙulli kuma kan fashe ya zubar da jini a cikin ciki, ba a gani a waje, sai jiri da gumi mai sanyi da fari fat a idanu. Na uku shi ya fi cin rayuka: cikin da ya zauna a bututu maimakon mahaifa. Ɓatan wata, murna ta fara, sai suka a gefe ɗaya, ɗigon jini baƙi-baƙi, wani lokaci ciwo a kan kafaɗa, sai faɗuwa. Wadda ta taɓa ciwon sanyi mai tsanani ta fi shiga wannan haɗari. Duk macen da take neman haihuwa ta ji ciwon mara mai tsanani, a ɗauka ciki ne a wajen mahaifa har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Na huɗu ya fi zuwa ga masu allurar haihuwa, wadda yanzu wasu suke karɓa a ɗakunan da ba asibiti ba, ko da yake ƙwaya ma kan jawo shi jefi-jefi: gidajen ƙwai su kumbura, ruwa ya taru a ciki, ciki ya yi tsiri cikin kwana biyu ko uku, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya. Ita ƙwayar kuma, in kika fara ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ki tsaya da sha a ranar.

A duk waɗannan, abin da aka saba yi shi ne mafi muni: a kira mai kemis ya yi allurar kashe zafi, a ɗura jiƙo, a ce a ga safiya. Allurar ta rufe bakin ciwon, jini yana ci gaba da zuba. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, ta Rimin Gado da Janguza a shiga ta Kabuga, sannan a ratsa gari zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Da rana ma tafiya ce, balle ƙarfe biyun dare da damina daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Saboda haka a fara da asibiti mafi kusa, na Gwarzo ko na Kabo, a duba, a sa ruwa, in na turawa ne a tura da takarda. A tafi da maza biyu ko uku da za su iya ba da jini. Kuma tun a bakin ƙofa, kafin a tambaya, ki faɗi abu biyu: ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, da maganin da kika sha. In ba ki iya magana, to ya zama akwai mutum ɗaya a duniya, uwa ko ƙawa ko miji, da ya san da kwalin nan kuma zai faɗa a madadinki. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada ki sha magani ba wanda ya sani.

Ki kiyayi duk mai maganin da sharaɗinsa shi ne kada ki je asibiti. A watan Nuwamban 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo wasu masu damfara a jihar Anambra da suke yi wa mata masu neman haihuwa allurai, ciki ya kumbura, a ce musu suna da juna biyu amma irin wanda sikanin ba ya gani, kada su kuskura su je wani asibiti. A ƙarshe a karɓi maƙudan kuɗi a miƙa musu jaririn da aka sayo. Namu na nan ba su kai can ba, amma salon ɗaya ne: "Kada ki haɗa da na asibiti, zai karye." Mai gaskiya ba ya tsoron a ga kwalbarsa.

Kai kuma ango, ƙanena, kada ka ɗauka karatun na mata ne. A kusan rabin ma'auratan da suke jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Namiji kan kasance lafiyayye ƙaƙƙarfa a shimfiɗa amma ƙwayoyin maniyyinsa kaɗan ne ko ba sa motsi. "Ai ina da 'ya'ya da uwargida" ba hujja ba ce ta yau, jiki yana canzawa. Gwajinka shi ne mafi sauƙi da araha a duk binciken: ba allura, ba wuƙa, ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai ka ba da samfuri. Rashin adalci ne a bar yarinya tana haɗiyar ƙwaya wata da watanni, ana tura mata ruwa a mahaifa ana ɗaukar hoto, kai ba ka ba da abin da bai fi rabin awa ba. Kai ma kana da naka kwalin da za ka ajiye a tebur: hangum da ya sauko maka maraina bayan ka balaga, ciwon sanyin da ka sha kafso biyu ka manta, aikin gwaiwa, tiramadol ɗin da ake sha don noma ko doguwar tuƙi, da allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin kuzari, wadda ita da kanta takan tsayar da yin maniyyi. Labari mai daɗi shi ne jiki kan ƙera sabon maniyyi cikin kimanin wata uku, don haka da yawa daga abin da aka daina yakan gyaru. Kuma idan danginka suka fara yi mata habaici, bakinka ne kaɗai zai tsayar da su.

Idan kuka je tare, aka yi bincike, aka ga lallai rashin sakin ƙwai ne, wataƙila ma ba Clomid za a ba ki ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2014 a kan mata 750 masu irin rikicewar al'adar nan ya nuna waɗanda aka ba wani magani mai suna letirozol kashi 27.5 cikin ɗari sun haihu, na kulomifin kashi 19.1. Shi ya sa likitocin mata da yawa yanzu da shi suke farawa. Na faɗi sunan ne don ki san ilimin yana tafiya ya bar kantar kemis a baya, ba don ki aiki yaro da sabuwar takarda ba. Shi ma asalinsa maganin kansar nono ne, shi ma yana tayar da ƙulli, shi ma sai da sikanin.

Kafin ranar zuwa asibiti, ki samu ɗan littafi ko kalandar wayarki ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ko na wata uku ne, da ranakun da maigida yake gari. Duk takardar sikanin da aka taɓa ba ki, ko ta wane asibiti ce, ki adana a leda ɗaya ki tafi da ita, domin likita yana so ya san ƙullin da yake gani yau sabo ne ko na bara ne, ya ƙaru ko ya ragu. In an ce ki dawo bayan sati shida, ki koma ko da ciwon ya tafi gaba ɗaya kuma kuɗin mota ya yi wuya. Sikanin na biyu shi yake raba ƙullin da ya sace da kansa da wanda ya yi shiru kawai yana girma.